Idan Garmarka Ta Tono Kan Mutum Na Yumɓu

'Yan'uwana manoma, musamman na wajajen Jaba, Kagarko da Kachia, kafin a shiga huɗar bana ga wata magana da ba ta taki ba ce.

Ƙasar da muke nomawa akwai ajiyar mutanen da a cikinta. A ƙauyen Nok aka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, wajen haƙar kuza. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, wani kan mutum na yumɓu daga Jema'a, wanda ya ɗan jima a gonar doya yana korar tsuntsaye. Binciken da Jami'ar Frankfurt ta Jamus ta fara da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 2005 ya nuna mutanen da suka yi waɗannan mutum-mutumi sun fara zama a yankin kusan shekara 3,500 da suka wuce. Kuma manoma ne irinmu: gero da wake suke shukawa, suna cin atili, har ɓurɓushin zuma an gano a tukwanensu.

To, ta yaya aka san haka? Ba daga fuskar mutum-mutumin ba. Daga gawayi da ƙonannen ƙwayar gero da ke kwance kusa da shi ake auna shekaru. Ranar da ka ciro shi ka karkaɗe, ka kai rafi ka wanke, ka zubar da shaidar ke nan; abin da ya rage kasko ne kawai mai kyan gani.

Don haka in ka ci karo da shi, ko tsohuwar maƙera, ko tarin fasassun tukwane, dakatar da aiki a wajen. Kada ka wanke, kada ka liƙa da gam. Ɗauki hoto da waya, mayar da ƙasa a hankali, sa alama, ka shaida wa mai unguwa ko dagaci. Wasu kan farfasa don tsoron sammu ne aka binne musu. Haba, abin da ya riga kakan kakanka zuwa gonar?

Dillalan da ke zagayowa da 'yan kuɗi kuwa, dokar 1979 ta hana sayar musu da kayan tarihi, ta hana fitar da su waje ba izini. Su tsallake, kai a bar ka da rami a gona da 'yan sanda a ƙofa.

Rahoto a kai shi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, Kaduna. Ka tafi da hoton, kayan kuma ka bar su inda suke.