Waiwaye: Rashin barcin John Lennon a Indiya da waƙar da ya haifar

A tsakiyar watan Fabrairun 1968 mawaƙan nan huɗu na Ingila, The Beatles, wato John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, suka tattara suka nufi garin Rishikesh da ke arewacin Indiya, a gindin tsaunukan Himalaya, bakin kogin Ganga. Sun je ne wurin Maharishi Mahesh Yogi, malamin da ya yi suna a Turai da Amurka da koyar da wata hanya ta zama shiru a tattara hankali. A lokacin a jigace suke. Tun 1966 suka daina yawon wasa a gaban jama'a, sannan manajansu Brian Epstein, wanda ya riƙe ragamarsu tun suna matasa a Liverpool, ya rasu a watan Agustan 1967, suna can Bangor ta yankin Wales wurin wannan malamin. Natsuwa suka je nema. John Lennon kuwa abin da ya samo shi ne rashin barci, daga nan kuma waƙar "I'm So Tired" ta fito, wato na gaji tilis.

Abin mamakin shi ne, Lennon mutum ne da aka sani da nauyin barci. A 1966 'yar jarida Maureen Cleave ta rubuta a jaridar Evening Standard cewa da wuya a samu malalaci kamarsa a duk Ingila, a shekarar kuma ya yi waƙar "I'm Only Sleeping", yana roƙon a ƙyale shi a gadonsa. Ba a cika shekara biyu ba sai ga shi yana kukan barci ya ƙaurace masa. A wurin Maharishi babu giya, babu ƙwaya, abincin ganye ne, yini kuma yana tafiya ne a zaune ido rufe. Wanda ya wuni a haka, in dare ya yi jikinsa bai gaji ba, kansa kuma ya cika da tunani. Bayan kamar mako uku a wannan hali ya rubuta waƙar.

Sai dai ba zaman shirun kaɗai ya hana shi runtsawa ba. Tare da matarsa Cynthia ya je, amma zuciyarsa tana wurin Yoko Ono, 'yar Japan mai fasahar zane ta zamani da suka haɗu a wani gidan nuna zane a Landan a watan Nuwambar 1966. Tana aiko masa da katuna da wasiƙu, shi kuma kullum da safe sai ya lallaɓa gidan waya shi kaɗai ya duba ko an samu saƙo. Har ɗaki ya raba da Cynthia, wai don ya fi samun natsuwa. A ganina nan ne asalin waƙar yake. Mutum ne da ya riga ya san abin da zai yi wa aurensa, bai kai ga faɗa ba, kuma an ɗauke masa duk hayaniyar da yake ɓuya a cikinta. A baitocin yana ta shawara da kansa ko ya tashi ya haɗa abin sha, ko ya kira wadda yake tunani, daga ƙarshe ya ce zai ba da duk abin da ya mallaka in dai zai samu kwanciyar hankali.

Akwai wurin da ke sa mai sauraro dariya. Ya kunna wata sigarin, sai haushi ya kama shi, ya juya ya tsine wa Sir Walter Raleigh, baturen zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya da ake dangantawa da yaɗa shan taba a Ingila, wanda aka sare wa kai tun 1618. Duk wanda ya taɓa kaiwa ƙarfe uku na dare ido biyu ya san yadda mutum ke neman wanda zai ɗora wa laifi, ko da ya shekara ɗari uku da hamsin a kabari. Wannan baitin ne ya hana waƙar zama kukan tausayin kai kawai.

Zaman Indiya bai ƙare da daɗi ba. Ringo Starr ya koma gida bayan kwana goman farko, abincin bai karɓe shi ba. Paul McCartney ya bi baya bayan kamar wata guda. Lennon da George Harrison suka fice a watan Afrilu, bayan jita-jitar da ta yaɗu a kan halin Maharishi da wasu mata ɗalibansa. Amma sun dawo da tarin waƙoƙi. A ƙarshen watan Mayu suka haɗu a gidan Harrison da ke Esher, suka ɗauki gwajin waƙa ashirin da bakwai a ƙaramar na'ura, da jita mara lantarki da tafi, "I'm So Tired" na ciki. A cikin watan ne kuma Cynthia ta dawo daga hutu a Girka ta tarar da Yoko a gidanta.

Waƙar ta yi jiran fiye da wata huɗu kafin a kai gare ta. Aikin kundin waƙoƙinsu da aka fi sani da White Album, saboda farin bangonsa, ya zo da rigima iri-iri. Injiniyan sauti Geoff Emerick ya ajiye aiki a watan Yuli don ya gaji da faɗansu, Ringo ya yi yaji na kusan mako biyu a watan Agusta, sau da yawa kuma kowa a nasa ɗakin yake aikin waƙarsa. Shi ya sa daren 8 ga Oktoba 1968 ya fita daban. Su huɗun duka suka zauna a situdiyo na biyu na kamfanin EMI da ke titin Abbey Road, George Martin, mai tsara musu ɗaukar waƙoƙi, na jagoranci, Ken Scott na kan na'ura. Sun fara da ƙarfe huɗu na yamma, ba su tashi ba sai takwas na safe, awa goma sha shida ke nan. Waƙar rashin barci dai a daren da babu wanda ya runtsa aka ɗauke ta, kuma gari ya waye musu a ranar da Lennon ya cika shekara 28.

Sau 14 suka buga ta, ɗauka ta ƙarshe ita aka zaɓa, aka ƙara mata 'yan kayan kiɗa da muryoyi a daren. Tsawonta minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. In ka saurara da kyau za ka ji yadda aka gina ta a kan halin mai rashin barci. Tana farawa a kasalance, muryar Lennon kamar ana jan ta da ƙyar, gangar Ringo na tafiya a baya-baya. Sannu a hankali kiɗan na hawa, McCartney ya shigo da siririyar murya a sama, har Lennon ya kai ga tsawa, sai komai ya tsaya cak, a koma farko. Haka mai juyi a gado yake yi, ya lafa, ya harzuƙa, ya sake lafawa. A wannan daren kuma suka gama "The Continuing Story of Bungalow Bill", wata waƙar Rishikesh, inda Yoko ta rera layi guda ita kaɗai. Matar da yake kewa a Indiya tana zaune a situdiyon sa'ad da yake rera waƙar kewarta.

Kundin ya fito a Ingila ranar 22 ga Nuwamba 1968, mako biyu bayan kotu ta raba auren Lennon da Cynthia. Waƙar na fuska ta biyu ta faifan, tsakanin "Martha My Dear" da "Blackbird", dukansu na McCartney.

Abin da ya ƙara mata suna daga baya ba shi da alaƙa da barci. A ƙarshenta Lennon ya yi wani gunguni na 'yan daƙiƙu da ba a fahimta sosai. A watan Oktoban 1969 wata jita-jita ta kama jami'o'in Amurka, cewa McCartney ya mutu a haɗarin mota tun 1966 an maye gurbinsa da mai kama da shi. Gidan rediyon WKNR na Detroit ya rura wutar, matasa suka riƙa juya faifai baya da yatsa, suna rantsuwa sun ji Lennon na cewa Paul ya mutu, ana kewarsa. Kunne dai abin da aka ce masa ya ji shi yake ji. Sai da mujallar Life ta bi McCartney har gonarsa a Scotland ta buga hotonsa da iyalinsa a watan Nuwamba kafin ƙurar ta lafa, ko da yake har yau akwai masu riƙe da zancen a intanet.

Mai son jin yadda waƙar ta girma yana da inda zai duba. Kundin Anthology 3 na 1996 ya haɗa gutsattsarin ɗauka ta 3 da ta 6 da ta 9, sannan a 2018, da White Album ya cika shekara 50, Giles Martin, ɗan George Martin, ya sake tace sautin, aka fitar har da gwajin Esher. Shi kuwa Lennon, wanda ya saba kushe waƙoƙinsa na zamanin Beatles ba sani ba sabo, da aka tambaye shi a hirarsa da mujallar Playboy a 1980, 'yan watanni kafin a harbe shi a New York, ya sa ta cikin waɗanda ya fi so. Ya ce sautinta na burge shi, kuma ya rera ta da kyau.