Yankin Ciniki Maras Haraji na Maigatari

Yankin ciniki maras haraji na Maigatari fili ne keɓaɓɓe a garin Maigatari, masarautar Gumel ta jihar Jigawa, dab da iyakar Nijar ta ɓangaren Damagaram. Gwamnatin jiha ce ta mallake shi, amma lasisi da sa ido suna hannun NEPZA, hukumar tarayya mai kula da irin waɗannan yankuna, wadda doka mai lamba 63 ta 1992 ta kafa. Na Fanisau a Kano kuwa mallakar gwamnatin tarayya ne.

A idon doka, kayan da ke cikin shingen tamkar ba su shigo Najeriya ba. Daga nan duk sassaucin ya samo asali. Kamfanin da ya sami lasisi yana shigo da injuna da ɗanyen kaya ba tare da biyan kuɗin fito ba, dokar 1992 ta ɗauke masa harajin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, baƙo na iya mallakar kamfanin ɗungurum, ya kuma mayar da jarinsa da ribarsa gida. Dokar ta hana yajin aiki na shekara 10 daga fara aikin yanki. Wannan tsari ya dace ƙwarai da masu tsaftace riɗi da zoɓo da ƙaro domin kasuwar waje, tunda ƙasar Gumel da kewayenta na samar da su.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne bakin ƙofa. Da zarar kaya sun fita daga shingen zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari ko zuwa Kano, sun zama kayan shigowa, sai an biya kwastam. Saboda haka dole littafin sito ya nuna buhu nawa ya shiga, nawa aka sarrafa, nawa ya tafi a ƙura da tsakuwa wajen tacewa, nawa ya fita. Idan riɗin da ke ƙasa bai kai na takarda ba, kuma babu shaidar asarar, jami'i zai ɗauka an karkatar da shi ne, a nemi kuɗin fito, lasisi ma ya shiga haɗari.

Yafe haraji kuma bai ɗauke nauyin kai rahoto ba. Dokar Kuɗi ta 2020 ta wajabta wa waɗannan kamfanoni miƙa bayanan kuɗinsu ga hukumar harajin tarayya ko da ba za su biya ko sisi ba. Harajin albashin ma'aikata yana nan, sabunta lasisi ma haka.

Akwai abin da doka ba ta iya magancewa. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disambar 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024. Mai zuba jari da ya dogara ga kasuwar Nijar kaɗai yana buƙatar hanya ta biyu, wato tashar jiragen ruwa ta Legas, mai nisan fiye da kilomita 1,000.