Jiragen Ruwan Kasuwanci Masu Tutar Tsibiran Marshal

Tsibiran Marshal ƙasa ce a tsakiyar tekun Pasifik, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 181 ba, mutanenta kuma ba su fi dubu 42 da ɗoriya ba a ƙidayar 2021. Amma rajistar jiragen ruwanta na cikin uku mafi girma a duniya wajen nauyin kaya, tare da ta Laberiya da ta Panama. Dubban jirage, yawancinsu tankokin mai da na gas da masu dakon hatsi da ma'adinai, suna yawo da sunan Majuro, babban birnin ƙasar, rubuce a bayansu, alhali akasarinsu ba su taɓa leƙa tashar Majuro ba, kuma da wuya a samu ɗan ƙasar ko ɗaya cikin matuƙansu.

Asalinta

Ƙasar ta samu 'yancin kai a 1986 ƙarƙashin wata yarjejeniya da Amurka, wadda ta bar tsaronta a hannun Amurkar. A 1990 ta kafa dokar jiragen ruwa da ta buɗe rajista ga kowa, ko daga ina yake. Gudanar da rajistar kuwa yana hannun wani kamfani mai zaman kansa, International Registries, mai hedikwata a Reston ta jihar Bajiniya a Amurka. Kamfanin ne ya riƙe rajistar Laberiya har zuwa 2000, lokacin mulkin Charles Taylor, kafin Laberiya ta miƙa ta ga wani. Daga nan ya mayar da ƙarfinsa kan tutar Marshal, ta yi ta bunƙasa.

Yadda ake samun tutar

Mai jirgi, a ce Bagirke ne mazaunin Piraeus, zai yi rajistar kamfani a Tsibiran Marshal ba tare da ya taka ƙasar ba. Adireshin kamfanin zai zama wani gini a titin Ajeltake da ke Majuro, wanda kamfanoni masu ɗimbin yawa ke amfani da shi a takarda. Sai ya biya kuɗin rajista da harajin shekara gwargwadon girman jirgin. Ribar da ya ci a waje ƙasar ba ta karɓar haraji a kanta. Matuƙa zai ɗauko daga Filifin ko Indiya ko Yukiren, duk inda ya fi masa sauƙi. Duba lafiyar jirgin ma wasu kamfanonin ƙwararru ne ke yi a madadin ƙasar, irin su Lloyd's Register da DNV da ClassNK.

Saboda haka ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, ta sa tutar Marshal cikin jerin tutocin neman sauƙi. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce dole a samu alaƙa ta gaskiya tsakanin jirgi da ƙasar da yake ɗauke da tutarta, sai dai ba ta fayyace abin da ake nufi da hakan ba, kuma ta wannan ƙofa kasuwar tutoci ta samu wurin zama. A yi mata adalci dai, tutar Marshal ba ta cikin masu karɓar kowane tsohon ƙarfe. Ta daɗe a jerin tutocin da ba a cika tsare jiragensu ba wajen binciken tashoshin Turai da Asiya.

Ranar da tuta ke zama nauyi

Ba a tuna ƙasar sai abu ya ɓaci. Dandalin haƙo mai na Deepwater Horizon, wanda ya yi bindiga a tekun Meziko ranar 20 ga Afrilun 2010 ya hallaka mutum 11, tutar Marshal yake ɗauke da ita. Haka jirgin dakon ma'adinin ƙarfe Stellar Daisy da ya nutse a kudancin tekun Atilantika a Maris 2017. Cikin mutum 24 biyu kaɗai suka tsira. A Afrilun 2015 Iran ta kama jirgin Maersk Tigris mai tutar Marshal a mashigin Hormuz, aka shiga tambayar ko alƙawarin tsaron da Amurka ta ɗauka ya haɗa da jirgin da ba abin da ya haɗa shi da tsibiran sai takarda.

Najeriya ma ta ɗanɗana. A Agustan 2022 tankar Heroic Idun mai tutar Marshal ta ƙi bin umarnin sojojin ruwan Najeriya kusa da rijiyar mai ta Akpo, inda matuƙanta suka ce sun zaci 'yan fashin teku ne. Ikwatoriyal Gini ta kama ta, ta miƙa wa Najeriya a Nuwamba, aka tsare matuƙa 26, yawancinsu Indiyawa da 'yan Sirilanka, har zuwa Mayun 2023. Wadda ta kai Ikwatoriyal Gini ƙara kotun dokar teku da ke Hamburg ita ce Tsibiran Marshal, domin a doka jirgin nata ne.

Batun sauyin yanayi

Tsibiran ba su fi mita biyu sama da teku ba a matsakaicin lissafi, don haka hawan ruwa barazana ce ga wanzuwar ƙasar kanta, ga shi kuma tutarta ce ke kan tankokin da ke dakon man duniya. A 2015 ministan harkokin wajenta, Tony de Brum, ya je hukumar jiragen ruwa ta duniya a Landan ya nemi a sa wa jirage iyakar hayaƙin da za su fitar, ba a amince ba a lokacin. A 2021 ita da Tsibiran Solomon suka gabatar da shawarar harajin dala 100 kan kowane ton na hayaƙin jirage, harajin da zai fara hawa kan masu biyan ta kuɗin rajista.