Koriya ta Arewa tana cikin dunƙulewar duniya kuwa? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa ganin hoton zirin Koriya da tauraron ɗan'adam ya ɗauka da dare ba zai manta da shi ba: kudu na ta walwali da fitilu, arewa kuwa duhu dunɗum, sai ɗan ɗigon haske a Pyongyang, babban birnin Arewa. Jama'a ɗaya ce mai harshe ɗaya aka raba gida biyu a 1945, suka gwabza yaƙi daga 1950 zuwa 1953, kuma har yau tsagaita wuta kawai ke tsakaninsu, ba yarjejeniyar zaman lafiya ba. Daga wannan hoto mutane da yawa ke yanke hukunci cewa Kudu na cikin duniya, Arewa na waje. Maganar ba ta kai haka sauƙi ba.

Tukuna ma, me ake nufi da dunƙulewar duniya?

Ana nufin yadda kaya da kuɗi da mutane da labarai ke ƙetare iyakoki, har rayuwar wata ƙasa ta ɗauru da abin da ke faruwa a wata. Masu aunawa, irin cibiyar KOF da ke Zurich, kan kasa abin uku: tattalin arziki, cuɗanyar jama'a, da siyasa. Abin lura shi ne ma'auni ne mai hawa-hawa. Ba ƙungiya ba ce da za a ce wane yana da katin shiga, wane ba shi da shi.

Idan aka ɗora su biyun a kan wannan sikeli, ina kowacce ta tsaya?

Tazarar ta wuce misali. A 2023 cinikin Koriya ta Kudu da ƙasashen waje, fita da shiga, ya haura dala tiriliyan 1.2. Na Arewa a shekarar bai kai dala biliyan 3 ba. Wato abin da Kudu ke saye da sayarwa a yini guda ya ɗara na Arewa na shekara cur.

Kudu tana cikin hukumar ciniki ta duniya tun 1995, ta shiga ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki a 1996, tana da yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai tun 2011, da Amurka tun 2012. Ba sai an yi dogon bayani ba: wayar Samsung, firjin LG da motar Hyundai suna nan a gidajenmu da titunanmu. Arewa kuwa ba ta cikin hukumar ciniki, ba ta cikin Bankin Duniya, ba ta cikin asusun IMF. A siyasa ne kawai tazarar ta ɗan ragu, domin rana ɗaya suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumbar 1991, kuma Pyongyang na da hulɗar jakadanci da ƙasashe fiye da 150.

To ai amsa ta fito. Arewa ba ta ciki, ko ba haka ba?

A nan ne na saɓa da masu saurin yanke hukunci. Ƙasar da take waje da duniya da gaske, abin da ya faru a wata nahiya ba zai hana ta cin tuwo ba. Ita kuwa Koriya ta Arewa, duk da aƙidar Juche ta dogaro da kai da shugabanta na farko Kim Il Sung ya kafa, man fetur mai rahusa na Tarayyar Sobiyet ne ke tafiyar da taraktocinta da masana'antun takinta. Da Sobiyet ta wargaje a 1991 man ya yanke, gonaki suka rasa taki, ambaliya ta zo ta ƙarasa. Yunwar da ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1990 ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a ƙiyasi mafi ƙanƙanta, wasu ma sun ce sama da miliyan biyu. Wanda rugujewar wata daula ta jefa shi cikin yunwa ba za a ce ba ya ɗaure da duniya ba.

Yau ma haka abin yake, uban gida ne kawai ya canza. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na cinikinta da Sin take yi, mafi yawa ta gadar da ta haɗa Dandong da Sinuiju a kan kogin Yalu. Cikin manyan abubuwan da take fitarwa akwai hular gashi da gashin ido na kanti. Ana saƙa su a Arewa, a kai Sin a ƙarasa, a buga musu tambarin Sin, su bazu kasuwannin duniya. Mai yiwuwa wata amarya ta manna su ba ta san hannun da ya saƙa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a Afirka kai tsaye. Ƙaton gunkin tagullar nan na Farfaɗowar Afirka da ke Dakar, mai tsayin kusan mita 50, wanda Shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe a 2010, kamfanin Mansudae na gwamnatin Koriya ta Arewa ne ya gina shi. Su ne suka gina dandalin tunawa da mazan jiya a Namibiya. A Zimbabuwe kuwa sojojin Koriya ta Arewa ne suka horar da runduna ta biyar a farkon shekarun 1980, wadda daga baya aka zarga da kisan gilla a Matabeleland.

Ƙara da dubun-dubatar leburori da gwamnati ta tura sare itace da gine-gine a Rasha, da masaƙu a Sin, tana karɓe kaso mafi tsoka na albashinsu. Ƙara da masu kutsen kwamfuta: Amurka ta ɗora musu alhakin sace dala miliyan 81 daga babban bankin Bangladesh a 2016, da kuma kusan dala biliyan 1.5 na kuɗin kirifto daga kamfanin Bybit a 2025, ko da yake Pyongyang ta saba musanta irin wannan zargi. Sannan a 2024 ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Rasha, ta tura dakaru yankin Kursk na Rasha su yi yaƙi da Yukiren, abin da ita da kanta ta tabbatar a Afrilun 2025. Ƙasar da sojanta ke mutuwa a Turai ba ta waje da duniya.

Wannan duk harkar gwamnati ce. Talaka fa?

Nan ne gizo ke saƙa. A Kudu, ɗan ƙasa ne ke riƙe da fasfo da intanet da katin banki. A Arewa, hukuma ce ke riƙe da su duka. Talaka ba ya fita ƙasar sai da izini, ko zuwa wani lardin ma sai da takarda. Intanet ɗin duniya na 'yan tsiraru ne. Sauran jama'a suna da wata hanyar sadarwa ta cikin gida mai suna Kwangmyong, wadda ba ta leƙa waje. Akwai wayar salula tun da kamfanin Orascom na Masar ya kafa Koryolink a 2008, miliyoyi na riƙe da ita, amma layin ɗan ƙasa ba ya kiran waje.

Sai dai ruwa ba ya rasa hanya. Da rabon abinci na gwamnati ya tsaya lokacin yunwa, mata ne suka fito suka kasa kaya, daga nan kasuwannin da ake kira jangmadang suka samo asali. Kayan cikinsu na Sin ne. A Nuwambar 2009 gwamnati ta canza kuɗi, won ɗari na da ya koma ɗaya, aka kuma ƙayyade abin da mutum zai iya canzawa. Tarin da mutane suka yi ya zama takarda. Tun daga nan mai hankali ya koma ajiya da yuwan, kuɗin Sin, da dala.

A garuruwan bakin iyaka, wayar Sin na kama sabis daga tsallaken kogi. Da ita dillalai ke haɗa iyali da 'yan'uwansu da suka tsere Kudu, su wajen 34,000, da ita kuma ake aiko da kuɗi, dillali ya yanki kaso mai tsoka. Finafinai da waƙoƙin Kudu na shigowa a ƙananan katunan ajiya. Mu da muka ga rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafar waje ba ta daina zuwa kasuwa ba sai dai tsada da ta ƙara, mun san yadda ake yi. Bambancin shi ne hukuncin. A Disambar 2020 Pyongyang ta kafa doka mai tanadin ɗaurin shekaru ga mai kallon kayan Kudu, da hukuncin da ya kai kisa ga mai yaɗa su. A ganina wannan doka ita ce babbar shaida cewa duniya ta shiga gidajen mutane. Ba a kafa wa abin da babu shi doka.

Ita ta kulle kanta, ko kulle ta aka yi?

Duka biyun, amma sakatar ciki ta fi ƙarfi. A farkon shekarun 1970 ta gwada buɗewa, ta ciyo bashi daga Turai da Japan ta sayi injuna, ta kasa biya. Motocin Volvo 1,000 da ta karɓa daga Suwidin a 1974 har yau ba a biya kuɗinsu ba, kuma tun daga lokacin masu ba da rance ke gudun ta. Takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara ne bayan gwajin nukiliyarta na farko a 2006, ya tsananta a 2017 da aka haramta sayen kwal da ƙarfe da kifi da tufafi daga gare ta. Amma takunkumi bai hana talaka sauraron rediyon waje ba, gwamnatinsa ce ta hana. Kuma a Janairun 2020, da korona ta ɓulla, da hannunta ta toshe iyakokinta fiye da yadda wani takunkumi ya taɓa yi.

Ita Kudun, a buɗe take ta ko'ina?

A'a, kuma ba da buɗe ƙofa ta fara ba. Park Chung-hee, sojan da ya karɓi mulki a 1961, ya tura kamfanoni su fitar da kaya waje, ya kuma kare kasuwar gida da haraji da hani. Sai a 1989 aka sakar wa kowane ɗan Kudu mara ya yi tafiya waje yadda yake so. Har yanzu shinkafar waje da ta wuce adadin da aka ƙayyade harajin kashi 513 cikin ɗari ake ɗora mata. Dokar tsaron ƙasa ta 1948 ta haramta yabon Arewa, kuma ɗan Kudu ba ya hulɗa da ɗan Arewa sai da sanin gwamnati. Abin mamaki, ƙasar da jiragen ruwanta ke zaga duniya daga Busan ba ta da iyakar ƙasa ko ɗaya da mota za ta ƙetara. Tsibiri ce a aikace.

Buɗewar ma ta taɓa cizon ta. A rikicin kuɗi na Asiya na 1997 sai da aka haɗa mata tallafin kusan dala biliyan 58 ƙarƙashin IMF, kamfanoni suka durƙushe, mutane suka yi layi suna miƙa zobba da sarƙoƙinsu na zinariya, sama da tan 200, don a rage bashin ƙasa.

In an tsare ni da tambayar, me zan ce a taƙaice?

Ka ce gwamnatin Koriya ta Arewa ta shiga duniya, ɗan ƙasarta ne aka hana shiga. Ka ƙara da cewa ita ta rataya ne a wuyan ƙasa ɗaya ko biyu, Kudu kuwa ta raba ƙafa a kasuwanni da yawa. Da ma'aunin da aka saba, Arewa na can ƙasan jeri. Amma kalmar "ba ta ciki" kuskure ce.

Akwai alamar za ta buɗe wa maƙwabciyarta?

An taɓa gwadawa. A 2004 aka buɗe rukunin masana'antu na Kaesong, 'yan kilomitoci arewa da iyaka, inda kamfanonin Kudu sama da 120 suka ɗauki ma'aikatan Arewa fiye da 50,000. Jari daga Kudu, hannu daga Arewa. Har wani biskit mai cakulan, Choco Pie, da ake ba ma'aikata a matsayin ihisani ya zama haja a jangmadang. Gwamnatin Kudu ta rufe wurin a Fabrairun 2016 bayan gwajin nukiliya na huɗu da harba roka.

Tun daga nan baya ake ja. A 2020 Arewa ta tarwatsa ofishin tuntuɓar juna da ke Kaesong da nakiya. A ƙarshen 2023 shugaban Arewa Kim Jong Un ya ce batun haɗewa ya ƙare, ƙasashe biyu ne masu gaba da juna. A Oktobar 2024 sojojinsa suka fasa hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da suka nufi Kudu. Ta ɓangaren Rasha kuwa, an fara gina gadar mota a kan kogin Tumen a 2025, kuma wurin shaƙatawa na bakin teku da aka buɗe a Wonsan a shekarar, baƙin waje na farko da suka sauka a cikinsa Rashawa ne.