Waiwaye: daga gayya zuwa N-Power, tarihin tallafin talakan ƙauye

Tun kafin gwamnati ta fara maganar raya karkara akwai gayya. Mutum ya kwanta ciwo ana tsakiyar damina, ko tsoho ne ba shi da mai kama masa, sai sarkin samari ya sa a yi shela, samari su fito da fartanya da garma makaɗi na bin su a baya, kafin azahar an nome gonar tas, nashi dai fura da tuwo. Haka ake yaɓen masallaci, haka ake cike hanya in ruwa ya cinye ta.

Na gwamnati kam sun zo da yawa. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya sa kuɗi a ayyukan raya noma na Funtua da Gusau da Gombe, daga nan malaman gona da takin zamani suka fara shiga ƙauyuka sosai. 1976 Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa, Shagari ya biyo da nashi a 1980, Babangida ya kafa DFRRI a 1986 don hanya da ruwa da lantarki, ga NDE ta koya wa matasa sana'a, matarsa Maryam ta fito da Better Life na matan karkara a 1987, Maryam Abacha ta zo da na tallafa wa iyali a 1994, sai NAPEP na yaƙi da talauci a 2001, sai SURE-P na amfani da rarar kuɗin tallafin mai a 2012. Kowace gwamnati in ta zo sai ta ajiye na baya ta raɗa wa nata suna, shi kuwa mutumin ƙauye ya koma layi daga farko.

Ni abin da ke min ciwo shi ne tuƙa-tuƙar garinmu. An zo an haƙa, an kafa allo, mata sun yi guɗa, bayan shekara biyu ƙarfen ciki ya lalace, ba wanda aka koya wa gyara, ba a ce ga wanda zai riƙe asusu ba, kowa na cewa ai ta gwamnati ce. Yau awaki ake ɗaurewa a jikinta, 'yan mata sun koma rijiya da guga tun asuba, wasu ma a nan lokacin makarantarsu ke tafiya.

To amma duba Fadama, shirin noman rani, wanda aka fara a farkon shekarun 1990. An haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya, an sauƙaƙa musu haƙa 'yar rijiyar burtsatse da sayen injin ban ruwa, kuma su ma sun sa nasu kuɗin a ciki, shi ya sa in inji ya tsaya mai shi ba ya barci sai ya kai wa makanike. Tumatir da albasa da attaruhu da alkama na rani sun riƙe samari da yawa a gida waɗanda da tuni suna Legas suna acaɓa ko ga-ruwa ko yankan farce. Wallahi a ganina cikin duk jerin nan shi ne ya fi kama da gayya.

Zamanin Buhari aka zo da N-Power, shirin ba matasa aikin wucin gadi, a 2016, naira dubu 30 duk wata, amma ta intanet aka riƙa cikewa kuma kaso mafi tsoka na masu digiri da difloma ne, yaron da ya tsaya a firamare ko allo ina zai shiga? Dubu 5 da aka riƙa ba iyalai marasa ƙarfi a wata ta kai wasu gidaje, na ga matar da ta tara ta sayi akuya, wasu sun zuba a adashi, abincin 'yan firamare ma ya jawo yara aji, sai dai in biya ya tsaya komai ya tsaya.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma injin ban ruwan nan ya zama kaya, man da za ka shayar da kadada ɗaya ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, masu hali sun koma na sola. A garinmu samari shida ne suka haɗa kuɗi suka sayi guda ɗaya, suna karɓa-karɓa, kowa da ranarsa.