Koyar da Turanci a Ƙananan Makarantun Sakandare na Koriya ta Kudu

A Koriya ta Kudu ana koyar da Turanci ne a matsayin baƙon harshe, domin da Koriyanci ake gudanar da harkokin gwamnati da kasuwa da sauran darussan makaranta. Ƙaramar sakandare, wadda ake kira junghakgyo, shekara uku ce bayan shekara shida na firamare, kuma halartarta wajibi ne. Tun shekarar 1997 ake fara Turanci daga aji uku na firamare, saboda haka ɗalibi yakan iso wannan mataki da shekara huɗu na sauraro da waƙoƙi da gajerun jimloli, sai ya tarar da nahawu da dogon karatu da rubutacciyar jarrabawa suna jiransa. Shekarar karatu tana farawa a watan Maris, kuma kowane darasi minti 45 ne.

Malamai 'yan ƙasa ne ke ɗauke da nauyin manhajar. A 1995 gwamnati ta kafa shirin EPIK domin ɗauko masu jin Turanci tun daga haihuwa, galibi daga Amurka da Kanada da Birtaniya da Ireland da Ostireliya da New Zealand da Afirka ta Kudu. Baƙon malami yakan shiga aji tare da malamin gida. Shi yana jagorantar hira da wasannin harshe, abokin aikinsa kuma yana fassara umarni yana tsawata wa ɗalibai. Yawanci sau ɗaya a mako baƙon ke ganin kowane aji, lokacin da bai isa ya saba wa yaro da magana ba.

Wahalar ɗalibai tana da tushe a tsarin harshensu. Koriyanci yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla, don haka dole ne ɗalibi ya juya jerin tunaninsa kafin ya buɗe baki. Harafi ɗaya ne a rubutun Koriyanci, wato Hangul, ke wakiltar sautin r da l, babu kuma sautin f ko v, sai a maye gurbinsu da p da b. Idan baƙaƙe suka jeru babu wasali a tsakani, ɗalibi yakan cusa wasali, har kalma mai gaɓa ɗaya ta koma gaɓa huɗu ko biyar, kamar dai yadda Bahaushe ya samar da kalmar burodi.

Abin da ya fi juya akalar koyarwar shi ne jarrabawar shiga jami'a, wato Suneung, da ake yi kowane watan Nuwamba. Sashen Turancinta sauraro ne da karatu, babu gwajin magana, kuma ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama a lokacin gwajin sauraron. Ko da yake saura shekaru kafin ɗan ƙaramar sakandare ya zauna ta, iyaye suna tura shi makarantun kuɗi na yamma, waɗanda ake kira hagwon, inda ake haddar kalmomi da bitar tambayoyi har dare. A birnin Seoul doka ta ce su rufe da ƙarfe goma. Zuwa hagwon yana haifar da giɓi a aji ɗaya tsakanin wanda iyayensa ke da hali da wanda makarantar gwamnati kaɗai ya dogara da ita.

Domin rage wannan matsi, a 2016 aka faɗaɗa tsarin zango ɗaya maras rubutacciyar jarrabawa zuwa dukan ƙananan makarantun sakandare, inda malaman Turanci ke samun damar sa ɗalibai muhawara da wasan kwaikwayo da aikin rukuni.