Waiwaye: Yadda kududdufan gonakin Kanada suka zama cikas

Duk shekarar da kogin Assiniboine ya cika ya tumbatsa, kamar a 2011 da 2014, sai gardama ta dawo ɗanya a yammacin Kanada. Manoman tudu su ce gonarsu ce, suna da ikon janye ruwan da ya kwanta musu. Na gangare su ce a kansu ake juye shi. Masu kare agwagin daji kuma na kukan kududdufai suna ƙarewa. Wanda ya tsinci maganar a tsakiya zai ɗauka jiya ta soma.

Kududdufan nan miliyoyi ne a lardunan Alberta da Saskatchewan da Manitoba, ramuka ne da tsaunukan ƙanƙara suka bari da suka narke kimanin shekara dubu goma da suka wuce. A wannan yanki, haɗe da ɓangarensa na Amurka, ake ƙyanƙyashe wajen rabin agwagin nahiyar. Tarihin kare su sananne ne: yarjejeniyar tsuntsaye masu ƙaura ta 1916, farin shekarun 1930 da ya kai ga kafa ƙungiyar kare agwagin daji ta Ducks Unlimited Canada a 1938, shigar Kanada yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 1981, shirin haɗin gwiwa da Amurka kan agwagin daji a 1986, da manufar gwamnatin tarayya ta kare dausayi ta 1991. Duk da haka ana ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari sun salwanta, domin galibinsu a gonakin mutane suke.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne sauyin da gonar kanta ta yi. A da manomi na haɗa noma da kiwo, kududdufi kuma dukiya ne: dawakai da shanu su sha, a yanki ciyawar bakinsa a adana don hunturu. Da tarakta ta kori doki, gonaki da yawa suka koma hatsi da kanola (shukar da ake tatsar mai daga ƙwayarta) zalla, sai amfaninsa ya kau. Daga shekarun 1980 injin shuka mai hura iri da iska ya bazu, faɗinsa na ƙaruwa har ya kai mita 18 zuwa 24, injin feshi kuma mita 36. Inji mai wannan faɗi ba ya kewaya rami cikin sauƙi. Kowace kwana sai ya maimaita wurin da ya riga ya bi, iri da taki da magani da mai su tafi ninki biyu. A gona mai ramuka ashirin asarar a bayyane take, kuma a ganina wannan lissafi ya ci kududdufai fiye da kowane fari. Aikin janyewar ma ya yi arha: da na'urar tauraron ɗan'adam mai auna gangare, a kankare lambatu marar zurfi wanda inji zai tsallaka, ramin ya bushe.

Illar tana cikin yadda ruwan ke tafiya. Yawancin kududdufan ba su haɗe da rafi ba. Idan dusar ƙanƙara ta narke a watan Afrilu, ƙasa na daskare ba ta shan ruwa, sai kowane rami ya riƙe nasa, sai ya cika ya zuba wa na gaba, kamar kwanukan da aka jera ƙarƙashin indararo. Lambatu yana haɗa su duka da rafi, ruwan ya sauka lokaci guda ɗauke da sinadarin fosforos na taki, irin wanda ke ciyar da gansakukar da ta addabi tafkin Winnipeg. A kwarin Smith Creek na gabashin Saskatchewan, dausayi ya ragu daga kashi 24 cikin ɗari na filin a 1958 zuwa kashi 11 bayan shekara hamsin.

Wasu na ganin mafita ita ce a tara ƙananan a babban tafki ɗaya. Ga agwagwa wannan ba musaya ba ce. Ƙananan masu bushewa su ke fara narkewa da ɗumi, su cika da ƙwari da dodon koɗi da macen ke buƙata kafin ta yi ƙwai. Tafki mai zurfi kuwa ƙananan kifaye ne ke cinye abincin.

Mayar da kududdufi abu ne mai yiwuwa. Ana toshe lambatun daidai bakin ramin, a fara cire ƙasar sama mai saiwoyi, a zuba yumɓu hawa-hawa ana dannewa, a bar mafitar rarar ruwa a gefe a shuka mata ciyawa. Irin tsirran da ke kwance a laka yakan tsiro da kansa. Idan aka yi toshin da ƙasa mai yashi, ko aka manta mafitar, ruwan narkewar farko zai iya cinye shi. Ramin da ya daɗe yana shan taki kuma kachala ce ke mamaye shi, ciyawar da mutanen Haɗeja da Nguru suka san wahalarta, sai an riƙa yankewa ko a sa shanu kiwo kafin buɗaɗɗen ruwa ya samu.